Randar da Kakana Ya Gina

Har yau idan na ji warin yumɓun da ya kwana a jiƙe, ba sai na rufe ido ba, nan take nake ganin shagon da ke jikin zauren gidanmu a Ƙofar Guga, da kakana a ciki ya naɗe wando har gwiwa.

A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Abokan aikinsa duk sun ɗinka manyan riguna sun bazama neman muƙami, shi kuwa sai ya ce ginin tukwane zai koma, sana'ar da ya gani wajen mahaifiyarsa. Ya sa aka kawo masa yumɓu daga wani kududdufi ta wajen Batagarawa. Kakata ta yi mita har ta gaji.

Ina 'yar shekara tara na leƙa shagon na ga abin da ya hana ni cin tuwo ran nan. Busasshen kashin jaki yake marmasawa cikin yumɓun, yana tattakawa da ƙafa, gumi na ɗiga daga gemunsa cikin kwaɓin, ƙudaje sun yi dandazo. Ya ga na toshe hanci, ya yi dariya. Ya ce wuta za ta cinye kashin tas, ta bar 'yan ƙofofin da randa ke shan iska da su, shi ya sa ruwanta ke sanyi. Ban saurara ba, tofar da yawu kawai nake yi.

Duk ranin nan tukwanensa fashewa suke yi a wajen gashi. Sai gab da damina randa ɗaya ta fito lafiya, ja jawur, idan ya ƙwanƙwasa ta tana amsawa. Ya wanke ta, ya turara, ya jefa saiwar jema a ciki. Burinsa ɗaya ne: mutanen da ke cewa ya zubar da girmansa su sha ruwanta su yaba.

Ranar wata Juma'a bayan masallaci tsofaffin abokan aikinsa uku suka zo. Aka daɗe ana gaisawa, sannan ya kira ni da sunan wasan da yake kirana.

"Amaryata, ɗebo ma baƙina ruwa ga randar nan tawa."

Na kawo moɗa cike. Wani Alhaji ya karɓa, har ya yi bisimilla. Ni kuwa, da yake jika tana da lasisin tsokanar kakanta, sai na ce, "Alhaji, da kashin jaki hwa aka gina ta."

Alhajin ya tsaya da moɗa a bakin leɓe. Ya ajiye ta a hankali, ya ce ai sun sha ruwa kafin su fito. Sauran biyun suka kama duban tabarma. Kakana ya ɗauki moɗar ya shanye tas, ya yi hamdala, ya ci gaba da hira. Wasan jika ne, don haka babu wanda ya ko harare ni. Da ma dukana aka yi da ya fi mini sauƙi.

Daga ran nan bai ƙara yi wa kowa tayin ruwan ba. Shi kaɗai yake sha har ya rasu, aka mayar da randar wajen jiƙa wa tumaki dusa.

Yanzu ruwan leda nake saye, mai ɗumi da warin roba, ban san rijiyar da aka ɗebo shi ba, ban san hannun da ya ƙulla shi ba. Mu tsotse mu yar, ledojin su toshe kwata, unguwa ta ɗauki ɗoyi, kuma ba mai ƙyama. Ni ma da na fi kowa tsantsami ina sha. Idan na tuna, ba kashin jakin nake ƙyama ba, bakina nake ƙyama. Shekara shida randar nan tana zaurenmu cike da ruwa, ban taɓa kurɓa ba, ga shi babu wanda zan tambaya ko ruwanta yana da sanyi.