Kujerar Gaban Tarwaɗa

Motar da mahaifinmu ya bari ƙofa biyu gare ta. Dogon hanci, gajeren jiki, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, shi ya sa mutanen unguwa suka sa mata Tarwaɗa tun yana raye. A hannun wani Bature mai aikin hanya ya saye ta, zamanin da Birnin Kebbi ke ƙarƙashin Sakkwato, kuma ya sha gori a kanta: motar da ba ta ɗaukar buhun albasa ko ɗaya, ina amfaninta? Da ya rasu aka zo rabon gado, ƙannena kowa ya kau da kai, sai ta faɗo rabona. Shekara goma sha huɗu ta yi a gindin dogon yaro a ƙofar gidana a unguwar Gesse. Kaji suka yi ƙwai a cikinta, ɓeraye suka cinye wayoyi, awaki suka mayar da bonet wurin shan hantsi.

Ni ne ɗan fari. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan ke nufi. Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ana yaye ni aka kai ni Augie wurin kakata, ban dawo ba sai da zan shiga sakandare. In na je gaishe ta, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ita tana tsince shinkafa ko tana kallon wani gefe, ta amsa a gajarce. In za ta yi magana a kaina, "wancan" take cewa. Ƙanena kuwa, wanda take zaune a gidansa, har bakin gadonta yake zama su yi ta hira da dariya. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Na sani, an gaya mini, ni ma na sha gaya wa wasu. Amma na kai shekara hamsin da biyu ban taɓa zama kusa da uwata ba, kuma abin yana cin raina. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ba don wannan na tayar da gyaran motar ba, kada in yi ƙarya. Bayana ne ya gaji da mashin. Kullum daga gida zuwa ofis, rana a ka, ga mota tana ruɓewa a ƙofar gida. Wata Asabar na samo masu turi muka ja ta zuwa gareji.

Bakaniken sa'ana ne, mai sanƙo, mutumin Argungu, ba ya sauri a magana balle a aiki. Ya zagaye ta sau biyu, ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya mayar ya rufe a hankali kamar mai rufe gawa.

Ya ce, "Malam, wagga mota ta mutu tun ba yau ba. Mu aza mata injin wata mota mu huta."

Na ce in injin wata mota nake so, ai da wata motar na saya. Ya ce to, Allah shi ba mu haƙuri. Daga ranar muka fara faɗa, kuma ba mu daina ba sai bayan wata tara.

Ni mutum ne mai saurin fushi, kowa ya shaida. Shi kuwa ko a jikinsa. In na zo ina hayaniya a kan ya bar motata ya kama ta wani, sai ya jawo mini benci ya ce in zauna. Tankin mai aka fara saukewa, cikinsa duk tsatsa. Aka zuba tsakuwa da kananzir, ƙarti biyu suka yi ta jijjiga shi har abin da ke fitowa ya daina ja. Aka sauke injin gaba ɗaya, aka baje shi a kan buhuna. Fistin biyu sun kame, sai da aka jiƙa su da baƙin mai kwana goma kafin suka motsa. Gasket babu shi a Birnin Kebbi, babu shi a Sakkwato, bakaniken ya shimfiɗa takardar gasket a kan injin, ya bi da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa har ya fitar da sabo. Na tsaya ina kallo, ban yabe shi ba, don kada kansa ya kumbura.

Kafireto biyu gare ta, kuma dole su sha iska daidai da juna, in ba haka ba motar tari take kamar tsoho mai asma. Ba shi da na'urar awo. Guntun tiyo ya sa a kunne, ɗaya bakin a kafireto, ya saurari wannan, ya saurari wancan, yana murɗa sukurudireba kaɗan-kaɗan. Na ce wannan ai duba ne, ba gyara ba. Ya miƙo mini tiyon. Na saurara, ban ji komai ba sai huuu. Na mayar masa da abinsa.

Lagireto yana yoyon ruwa, mai walda ya toshe hujojinsa. Wayoyi kuwa mai riwaya ya zare su kaf ya ja sababbi. Kayan birki daga Kwatano aka kawo su ta Kamba, karo na farko ba su shiga ba, na yi ta zage-zage a waya da mutumin da ban taɓa gani ba. Gilashin gaba yana da tsaga a gefe, mun nema har mun gaji, yana nan da tsagarsa har yau. Da aka zo fenti, mai fentin ya rantse baƙa ce, ni na ce koriya ce. Rana ta riga ta cinye launin. Muka ɗaga murfin but, can ciki inda rana ba ta kai ba, ga shi nan kore mai duhu kamar ganyen kuka. Na nuna masa da yatsa.

Ranar gwajin farko, tudun farko da muka hau, irin waɗanda ake yi a kwalta don rage gudu, salansa ta tsinke ta bi mu a baya tana ƙara. 'Yan kabu-kabu suka yi ta dariya. Bakaniken ya ce sai an ɗaga ta. Na ce ba a ɗaga Tarwaɗa. Ya ce to in saya mata hanyarta ita kaɗai. Da salansa ta biyu ta tafi, na yarda aka ɗaga ta kamar faɗin yatsu biyu.

Kujeru ne ƙarshe. Mota mai ƙofa biyu, in mutum zai shiga baya, sai an kifa makarin kujerar gaba. Ta direba tun zamanin Baba ta karye, ya sa aka yi mata walda ta tsaya cik. Saura ta mai zaman banza, wadda ke da ɗan hannun ƙarfe a gefe da ake ja sama. Bakaniken ya ja, ba ta motsa ba. Ya zuba mai ya ja, ya buga da guduma ya ja. Ni ma na ja har hannuna ya yi ja. Ni ban san motar a yarinta ba, ina Augie lokacin da ake zuba ƙannena a bayanta.

Ya ce, "Tsatsa ta kame ta. Gobe in kwance kujerar dut, in buɗe cikinta. Aikin awa biyu na."

Ina tsaye, sai abin ya faɗo mini. In kujerar nan ba ta kifuwa, wurin zama ɗaya ne a motar ban da nawa. Duk wanda ya shiga, dole kusa da ni zai zauna, kafaɗa da kafaɗa.

Na ce, "Bar ta."

Ya ɗago ya dube ni. Mutumin da ya hana shi sakat wata tara a kan kowane noti, yau shi ke cewa a bar abu a lalace.

"In bar ta?"

"Na ce ka bar ta. Wa zan ɗauka a baya?"

Ya goge hannunsa da tsumma, ya ce motata ce.

Na shiga hawa ta kullum. Ofis, kasuwa, masallacin Juma'a. Tana shan mai, tana zafi a cunkoso, sitiyarinta sai da ƙarfi, amma tana tashi da bugu ɗaya. Wata huɗu ina jira, ban ce wa kowa ina jiran wani abu ba.

Bayan damina, ana cikin yankan shinkafa, matata ta dawo daga gaishe da Inna da labari. Kawu, yayan Inna da ke Argungu, ba shi da lafiya. Ƙanena, wanda ya saba kai ta a motarsa mai ƙofa huɗu, yana Abuja wurin kwas. Inna ta ce za ta bi motar haya. Na ce ni zan kai ta. Matata ta dube ni, ta dubi Tarwaɗa ta taga.

Ta ce, "A wannan? Ina za ta zauna? Ka ari ta maƙwabci mana."

Na ce ina da mota ba na aron mota. Ta ce, "Hmm, Allah ya shirye ka," ta shige ɗaki. Ta gane, kuma na ji haushin ta gane.

Da hantsi na isa. Na gaishe da Inna daga bakin ƙofa, na ce mota tana waje. Ta fito da mayafi da 'yar jakarta da ƙullin goro na Kawu. Ta tsaya ta dubi motar, ta daɗe. Ta ɗora tafin hannunta a kan rufin, kamar yadda ake taɓa bayan saniya. Na karɓi jakar na cusa ta tsakanin kujeru ta faɗa baya, na buɗe mata ƙofa, na kama hannun ƙarfen na ja da ƙarfi sau biyu don ta gani.

Na ce, "Inna, kujerar ba ta kifuwa. Ta lalace. Sai dai gaba."

Ban dubi fuskarta ba. Ita ma ba ni take duba ba, hannun ƙarfen take duba. Na san tana iya juyawa ta koma ciki ta ce a kira mata keke napep zuwa tasha, kuma ba wanda zai ga laifinta. Sai ta ce bismillahi, ta tattare zanenta, ta zauna.

Tafiyar kusan awa ɗaya ce. Ta juya fuskarta wajen taga tun daga cikin gari. Motar matsattsiya ce, duk sanda na sa giya sai bayan hannuna ya taɓa gefen mayafinta, ba ta janye ba. Muka wuce Ambursa. Mutane sun baza shinkafa a gefen kwalta suna shanya, fadama ta yi rawaya har iyakar gani. Ina jin ƙamshin turaren kayanta, wanda da daga bakin ƙofa kawai nake jiyo shi. Na shirya maganganu da yawa tun wata huɗu, ko ɗaya ban faɗa ba.

Sau biyu ta yi magana, kuma duk ba da ni ba. Da na taka totur a wani miƙaƙƙen wuri ta ce, "Kukanta bai sake ba." Da muka hau wani tudu cikin motar ya ɗan gogi ƙasa ta ce, "Har yanzu dai." Shi ke nan. Ni kuwa ya ishe ni, sai dai wani abu yana sukata: da dabara na samu. Na tilasta wa tsohuwa abin da ba ta so, na kuma fake da tsatsa.

Muka tsaya a ƙofar gidan Kawu a Argungu. Na zagayo na buɗe mata, ta fita. Na durƙusa a kan kujerar ina miƙa hannu baya don in jawo jakar, ta maƙale a ƙasa, ina ta nishi.

Ta ce, "Kauce."

Na kauce. Ta sa tafin hannun hagu ta danna makarin kujerar baya, kamar mai tura ƙofa, sannan ta ɗaga hannun ƙarfen da yatsa biyu. Na ji ƙas. Kujerar ta kifa gaba salin-alin.

Ta ɗauki jakarta, tana kallon cikin motar ta ce, "Sai an danna ta baya tukuna. Hakanga take tun ran da marigayi yas sawo ta."

Ta shige gida. Ni na tsaya a rana riƙe da ƙofa. Wato tun a Birnin Kebbi, lokacin da nake ta jan ƙarfe ina nuna mata ya lalace, ta san lafiyarsa lau.

Jikin Kawu da sauƙi. Muka gaisa, aka kawo tuwon shinkafa da kifi, na ci a zaure. Bayan la'asar aka ce Inna ta shirya. Na riga ta fita. Na danna makarin baya, na ɗaga ƙarfen, kujerar ta kifa. Na kakkaɓe kujerar baya da hulata, na koma gefe na tsaya kaina a ƙasa. Ba ni da sauran abin fakewa, kuma ban so in ƙara yi mata dabara.

Ta fito, matan gidan suna raka ta. Ta dubi kujerar da ke kife, ta dubi bayan motar. Ta jefa jakarta can baya. Sannan ta kama makarin ta mayar da shi da kanta har ya ce ƙas, ta tattare zanenta, ta zauna a gaba, ta juya fuskarta wajen taga.

Ta ce, "A tahi, kar magariba ta ishe mu hanya."

Na rufe mata ƙofa a hankali, na zagaya na shiga. Na murɗa makulli, muka kama hanyar gida.