Kilomita Ukun Da Lawali Ya Ƙarasa Da Jini

Shekara arba'in ke nan cif da muka binne wana Lawali. Masu karatu su yi mini haƙuri, wannan ba irin waiwayen da ake rufewa da "mun yafe" ba ne.

Lawali tela ne a unguwar Maurey ta Yamai, ɗan Maraɗi kamar iyayenmu. Ba ɗan wasa ba ne, ba shi da kulob, ba shi da mai horar da shi. Zaman keke ne ya sa masa ciwon baya, wani likita ya ce ya riƙa motsa jiki, shi kuwa ba ya yin abu rabi da rabi. Da an idar da sallar asuba sai ya ɗaura gajeren wandon da ya ɗinka wa kansa, ya fita daga gidanmu na Talaje ya bi titin filin jirgi. Shekarar fari ce, gefen hanya cike da mutanen da yunwa ta koro daga karkara. Inna takan ce, "Kai Lawali, mutane na neman abin sa wa ciki, kai kana zubar da naka a titi?" Sai ya yi dariya ya ce gudu ne kaɗai abin da ake samu a Yamai ba tare da bin layi ba.

A shekarar ne hukumar soja ta shirya tseren kilomita ashirin da ɗaya, don baƙi su ga gari lafiya lau. Aka ce farar hula ma su shiga, amma kowa ya san kofin na bariki ne. Lawali ya ce shi dai ya ƙarasa ya ishe shi.

Ni ina tsaye kusa da kasuwar Katako da butar ruwa, saura kilomita uku a kai ƙarshe. Da na hango shi sai da na murza ido, domin yana gaban duk wani mai rigar bariki. Wata jip tana biye da 'yan tsere, wani sarjan ke tuƙa ta. Na ji da kunnena ya daka masa tsawa, "Kauce, tela!" Lawali bai kauce ba. Motar ta karkato ta buge shi a kwankwaso, ya faɗa kan katakon da aka jera a bakin hanya. 'Yan kasuwa suka sunkuyar da kai, kowa ya kama aikin gabansa.

Ya tashi, jini na bin ƙafarsa. Na riƙe shi ina kuka, ya kurɓi ruwa sau ɗaya ya ce, "Rabi, sake ni." Haka ya ƙarasa yana ɗingishi, bayan an daɗe da miƙa kofi. A nan, gaban kumandan bariki da manyan baƙi, ya nuna sarjan da yatsa ya ce, "Wannan ne ya buge ni."

Washegari da hantsi sojoji suka ɗauke shi daga shago. Bayan kwana goma sha ɗaya suka ajiye mana shi a ƙofar gida, haƙarƙari a karye, yana tarin jini. Bai ga damina ba.

Nakan tambayi kaina, da zai leƙo yau me zai ce? Zai ga samari suna gudu da takalma masu launi da waya a kunne, ana miƙa musu ruwan leda. Zai ga 'yan mata ma sun shigo, kuma na san wannan zai faranta masa, shi da ya sha tsokanata in bi shi. Zai ga kaki ya tafi ya dawo, ya sake tafiya ya sake dawowa. Sannan zai ga sarjan ɗin nan, yanzu alhaji ne mai farin gemu da sahun gaba a masallaci. Mai yi ya manta, wanda aka yi wa bai manta ba.

Bara ciwo ya kwantar da tsohon sarjan, ya aiko mini limamin unguwarsu. Malam ya yi wa'azi mai kyau, ya ce haƙuri maganin zaman duniya. Na ce, "Allah gafarta Malam, shekara talatin da tara ina shan maganin nan. A gaban jama'a ya buge shi, a ɗaki yake son yafiya? A ɗauko shi a kawo Katako ranar da kasuwa ta cika, ya ce shi ne, jikokinsa na ji. In ya kasa, wanda ya zalunta yana can yana jiransa."

Bai zo ba. An ce kullum yana tambaya ko na sauko, kuma ba zan ɓoye ba, jin haka yana sanyaya mini rai.

Lawali bai bar ɗa ba, bai bar kofi ba, ko hoton tseren ba mu da shi. Abin da ya bari shi ne, a zamanin da manya masu gemu ke haɗiye harshensu, tela ɗaya ya nuna soja da yatsa a bainar jama'a. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ni dai ina nan Talaje, na tsufa, gwiwa ta soma ƙi, amma mu 'yan gidan nan ba ma zama a hanya don an buge mu.