Ranar da Muka Yi wa Mangostin Cin Goruba

Ranar Juma'ar farko bayan ƙaramar salla, shekarar da na shiga aji uku, maƙwabciyarmu Ummu Faris ta ƙwanƙwasa ƙofarmu a unguwar Ƙiblatain ta Madina, ta miƙo wa Inna faranti da wasu 'ya'yan itace biyar, ƙulu-ƙulu, launin makuba, kowanne da 'yar koriyar hularsa. 'Yar Indonesiya ce, mijinta da Baba jami'a ɗaya suke karatu. Ita kaɗai ce ƙawar Inna a duk benen, ko da yake Larabcin da ke tsakaninsu bai wuce na gaisuwa da aron albasa ba. Daga garinsu aka riƙo mata su.

Inna ta jujjuya ɗaya, ta ƙwanƙwasa da farce, ta yanke hukunci da ilimin Kano: "Gorubarsu ce." Goruba kuwa bayanta ake ci. Ni da yayata Hafsa muka zauna a matakala, inda muka saba 'yar carafke, muka yi ta gwaigwayar ɓawo mai baurin tsiya, abin da ke ciki muka zuba a shara.

Inna ta cika farantin da dubulan, don ba a mayar wa maƙwabci kwano wayam, ta ja mana kunne: "Ku ce laziz, wato da daɗi. Wanda ya ɓata fuska ya raba ni da matar nan, ni da shi ne." Muka kai mata, muka faɗa. Ummu Faris ta dubi leɓunanmu da suka rine, ta tambaya da hannu yadda muka ci, Hafsa ta gwada mata. Ummu Faris ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Sannan ta ɗauko guda ɗayan da ta ɓoye wa kanta, ta matse shi tsakanin tafukanta, ya buɗe, ta raba mana: ɓari shida farare tas kamar tafarnuwa, zaƙi da ɗan tsami, suna narkewa kafin a tauna. Ta nuna mana da hannu cewa bishiyar mangostin ɗin tana ƙofar gidansu can garinsu, ruwan sama take so, ba za ta rayu a baƙin dutsen Madina ba.

Yau mangostin na nan jibge a firjin manyan kantuna, 'ya'yana su ɓare su ci suna amsa mini da Larabci. Ummu Faris ta koma gida tuntuni, Inna tana kwance a maƙabartar Baƙi'a. Sai da na girma na lura, a ranar Ummu Faris ko ɓari ɗaya ba ta ci ba.