Sunan da Rékia Ba Ta Faɗa

Duk wanda ya saba bi ta kasuwar Barbès, ƙarƙashin gadar da jirgin metro ke ratsawa, ya san Rékia mai turare. 'Yar Maradi ce, doguwa, ba ta da yawan magana. Mijinta ne ya kawo ta Paris, kuma da ya rasu ta ci gaba da riƙe ɗan shagonsa na atamfa da turaren wuta, ita da 'yarta Mariama. Amma tukunya ce ta fitar da sunanta. Kowace Juma'a bayan la'asar takan jawo shinkafa da wake a keken cefane zuwa inda samarin da suka ƙetaro teku suke kwana, ta zuba wa kowa. Ba ta sakar wa mutum kwano sai ta dubi fuskarsa da kyau. Samarin sun ɗauka tausayi ne kawai.

Ɗanta take nema. Moutari shi ne ɗan farinta, kuma kamar yadda aka saba, ana yaye shi aka kai shi wurin kakarsa. Ya tashi yana ce wa kakar Inna, uwar kuma Yaya. Rékia ba ta taɓa kama sunansa ba, don mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗan fari. In ta kama dole, sai ta ce "wancan yaron". Da ta taho Faransa, can wurin kakar ta bar shi. Bayan rasuwar kakar ya bi hanyar Agadez ba da shawarar kowa ba. Kiransa na ƙarshe daga iyakar Italiya ne, ya ce ga shi nan tafe. Shiru ke nan, shekara da shekaru.

Wata rana wani Bature mai shirya fim ya ga tukunyar, ya yi ta zarya shagon, Mariama na yi musu tafinta. Ya tambaye ta abin da ya sa take ciyar da mutanen da ba ta sani ba. Ta ce, "Saboda Allah." Ya tambayi 'ya'yanta, ta nuna Mariama. Mariama ta zuba mata ido, ita kuwa ta ci gaba da ƙulla turare a leda. Haka fim ya fito, an rubuta a farkonsa cewa labarin gaskiya ne: wata mace mai fara'a, mai 'ya ɗaya tilo, wadda zuciyarta ta yi wa duniya faɗi.

Daga nan waya ta hana su sakat. Sofia, ma'aikaciyar wani ofishi da ke samo wa kamfanoni masu jawabin ƙarfafa gwiwa, ta zo har shago. Ta ce mutane in sun yi kuka a sinima sai su so ganin mai labarin ido da ido. Kafin fim, in ji ta, ba mai gayyatar mai sayar da turare, amma yanzu bankuna da makarantu layi suke yi.

Rékia ta yarda don dalili guda: zauren taro cike yake da fuskoki. Sai dai fuskokin ba irin waɗanda take nema ba ne. Masu kwat ne, suna tafi, suna rubuta "karamci" a takarda. Takan yi maganarta da Hausa, Mariama ta juya da Faransanci, a miƙa mata furanni, su hau metro layi na goma sha uku su koma Saint-Denis.

"Madam mai jawabi," Mariama kan tsokane ta, "yau ma kin gyara wa shugabannin banki zuciya."

"Ke dai riƙe furannin, hannuna ya gaji."

Da bazara aka gayyace ta wata masana'anta a Saint-Fons, kusa da Lyon, ta yi wa leburori magana. An taɓa gaya mata akwai 'yan Nijar da ke wanke tankokin sinadari a wajen. Suka hau jirgin ƙasa. Can ta ce wa 'yarta, ba tare da ta dube ta ba, "In na gama, ki ƙara musu da cigiyar yayanki. Ki faɗi sunan."

"Ni? A'a, Mama."

"Mi kika ce?"

"Na ce a'a. Na faɗi sunan nan a ofisoshi, na rubuta shi a intanet, na liƙa shi a shagunan waya. Ya sha jin sunansa a bakina. In yana raye, kina tsammani bai san inda Barbès yake ba?"

"Lekol ta ɓata ki da boko, wallahi. A gaban maza in kama sunan ɗan fari? Da wane bakin?"

"Da wanda kike ce wa 'ya'yan wasu su ƙara shinkafa."

Rékia ta juya wajen taga.

A ɗakin cin abincin ma'aikata aka yi taron. Iskar wurin tana da wani ɗaci da ke kama maƙogwaro, ta taga kuma ana hango bututu suna fitar da farin hayaƙi. Mutane sun zauna da kayan aikinsu, Larabawa, Turawa, baƙaƙe. Rékia ta bi su layi-layi da ido. Ba ya ciki.

Ta faɗi abin da ta saba faɗa, na tukunya da sanyin Paris. Aka yi tafi, Sofia ta miƙo hannu za ta karɓi mikro, abin magana. Rékia ba ta saki ba.

"Fim ɗin nan bai cika ba," in ji ta. "Ina da ɗa namiji. Shi nake dubawa a cikin samarin." Ta tsaya, ta gyara mayafinta, ta sunkuyar da kai kamar wadda za a yi wa hukunci. "Sunansa Moutari. Moutari ɗan unguwar Zaria, a Maradi. Ni na haife shi."

Mariama ta fassara. Ba wanda ya tashi.

Suna shirin fita wani dattijo mai hular aiki a hannu ya tare su da sallama. Ya ce sunansa Moctar, mutumin Damagaram ne. Sai da ya tambayi gajiya da mutanen gida, sannan ya ce, "Hajiya, akwai wani Moutari da muka yi aiki tare bara. Ya koma Marseille. Ranar da muka kalli fim ɗinki a waya ya ce uwarsa ce. Muka yi ta yi masa dariya, muna cewa to kai ina kake a ciki? Ya zauna har ƙarshe yana jira a ambace shi. Da aka gama ya tashi ya fita."

Rékia ta tambaye shi ko yana da lambar yaron.

Moctar ya ce yana da lambarsa, amma yaron ba ya ɗaga kiran da bai sani ba, wani lokaci ma har na waɗanda ya sani. Dama wani lebura ya ɗauki jawabin a waya, sai aka yanko ƙarshen, Moctar ya aika masa. Suka zauna a benci a ƙofar masana'anta. Sofia ta tuna musu da lokacin jirgi, Rékia ta ce jirgin ya tafi abinsa.

Rana ta yi sanyi kafin wayar Moctar ta yi ƙara. Saƙon murya ne, gajere. Aka ji hayaniyar titi, da numfashin mutum, sannan muryar namiji da ta yi kauri fiye da yadda ta san ta.

"Yaya," ya ce. "Ban ji da kyau ba. Sake faɗi."

Moctar ya danna mata wurin ɗauka, ya kawar da kai gefe. Rékia ta riƙe wayar da hannu biyu, ta kai ta bakinta, ta kira sunansa.