Buroshin da Na Zaɓa wa Motar Alhaji

Ni direban a-kori-kura ne tun asali. Shekara bakwai na yi ina kwaso kwandunan tumatir daga gonakin Kadawa zuwa bakin titi, kuma a duk shekarun nan wankin ƙafar mota iri ɗaya na sani. A gangara bakin kanal, a sa buroshin waya a kankare laka, in tsatsa ta fito a shafa baƙin mai. Rim ɗin a-kori-kura baƙin ƙarfe ne, ko da fartanya ka kankare shi ba abin da zai same shi.

Da injin motar da nake ja ya buga, sai da na yi wata biyar a zaune, ga matata da tsohon ciki, ga yara biyu. Kawuna ne ya kai ni wurin wani Alhaji mai injin casar shinkafa a Kura, ya ce ya tsaya mini. Lokacin wayar hannu ta fara yawa a hannun 'yan kasuwa, manyan garin kuma kowa na sayo mota 'yar Kwatano. Kowa ya san halin Alhajin nan. Ba ya faɗa, ba ya zagi, hannu kawai yake miƙa wa direba a ba shi makulli. Wanda na gada, madubi ya fasa. Tun ranar da na kama aiki nake tuƙi a tsorace, ko kaza ce ta gifta sai na taka birki.

Motar baƙa ce, ƙafafunta kuwa ban taɓa taɓa irinsu ba. Rim ne fari mai yatsu biyar, wanda ake ce wa aloyi. A kwana na huɗu muka je duba gonarsa ta wajen Bunkure, ashe wani ya bar ruwa ya ɓalle daga gonarsa ya malale hanya. Muka fito da kyar, laka ta cika kowane lungu na ƙafafun, kafin mu iso gida ta bushe ta yi tauri.

Alhaji ya fito ya zagaya motar. Ya ce, "Direba, gobe Juma'a za mu shiga Kano. Ina so in ga fuskata a ƙafafun nan."

Na ce, "In sha Allahu, ranka ya daɗe."

Na wuce kasuwa wurin wani dattijo mai sayar da kayan wanke-wanke. Ya baje mini buroshi kala-kala. Ga na waya mai mariƙin katako, ga na roba mai tauri da mata ke wanke tabarma da shi, ga wani dogo siriri mai laushi, gashinsa kamar jelar akuya. Na ɗauki mai laushin na goga a bayan hannuna, na yi dariya a raina. Wannan ko ƙura ba zai kora ba, balle lakar Bunkure.

Dattijon ya ce, "Me za ka wanke, ɗana?"

Da na ce masa ban san kan abin ba, wataƙila da ya tura ni wurin wanda ya sani. Amma ni sabon direban Alhaji ne, ga mutane a tsaye, kuma ina tsoron magana ta koma cewa wanda aka ɗauka bai ma iya wankin mota ba. Na ce, "Ƙafar mota ce, Baba, na saba." Na ɗauki na waya, na ƙara da soson ƙarfe, don na lura rim ɗin kamar dalmar tukunya yake, kuma na ga yadda matata ke sa tukunya ƙyalli da shi.

A bakin kanal na fara da ƙafar baya ta dama, wajen da Alhaji ke shiga. Na kankare da waya, na bi da soson ƙarfe da garin sabulu, na durje iya ƙarfina. Wani abu kamar ɓawon albasa ya riƙa fita, na ɗauka tsohon datti ne. Da na watsa ruwa sai rim ya fito fari fat, yana ɗaukar ido, ya fi yadda aka kawo shi. Ina cikin jin daɗi sai ga wani mutum ya gangaro wanke babur ɗinsa. Na san shi sama-sama, ya daɗe yana wankin mota a cikin Kano kafin ya dawo noman albasa. Ya tsuguna ya shafa rim ɗin da yatsa, ya dubi buroshin da ke hannuna.

Ya ce, "Malam, ka kashe wannan."

Na ce ban gane ba.

Ya ce, "Akwai wani fenti a kansa mai kama da ruwa, ido ba ya ganinsa, shi ke tsare shi. Shi ka kankare. Yau zai yi ƙyalli, amma ba shi wata ɗaya, zai dushe ya yi dabbare-dabbare. Wannan jiƙa shi ake yi laka ta saki, a bi da buroshi mai laushi, lungunan kuma ko na haƙori ya isa."

Na zauna a kan simintin kanal. Na tambaye shi ko ana gyarawa, ya ce sai dai a cikin birni, kuma sai an cire tayar ta kwana biyu a can. Ina zan kai motar Alhaji ta kwana biyu da ƙafa uku? Ya tausaya mini, ya taya ni jiƙa sauran ukun, muka wanke su da tsumma da yatsu.

Hanyar da ba ta kai minti goma ba na yi kusan rabin awa a kanta, ina shirya abin da zan faɗa. Na yanke zan gaya wa Alhaji gaskiya. Na tarar da shi a ƙofar gida kan tabarma bayan la'asar, shi da kawuna. Alhaji ya taso ya zagaya motar a hankali, hannuwansa a baya, ni kuwa makulli na cikin tafina. Ya zo kan ƙafar ya tsaya. Ya sunkuya. Kafin in yi magana ya riga ni.

Ya ce, "Ka ga aiki. Wannan ita ce ka wanke. Sauran ukun fa, gajiya ka yi?"

Kawuna ya yi murmushi yana gyaɗa kai.

Alhaji ya ce, "Koma ka yi musu yadda ka yi wa wannan, kafin magariba."

Kalma huɗu ko biyar ce kawai tsakanina da gaskiya. Na dubi hannunsa, na tuna matata, na dubi kawuna da ya tsaya mini. Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Na koma bakin kanal. Mai babur ya riga ya tafi, na gode wa Allah da ba ya nan. Na durƙusa na kankare ƙafafun nan uku ɗaya bayan ɗaya, ina ganin fentin yana bin ruwa, wannan karon na san ko mene ne. Wayar buroshin ta yanke ni a yatsa biyu. Ban taɓa jin na raina kaina kamar yammacin nan ba.

Daga nan kullum da safe sai na tsuguna na duba su. A mako na uku suka fara dushewa. Kafin matata ta yi arba'in da haihuwa sun yi fari-fari kamar ƙyasbi a wuyan mutum. Wata rana a Kano wani abokin kasuwancin Alhaji ya duba, ya yi masa irin bayanin da mai babur ya yi mini. Ina tsaye a gefe, na riga na zaro makullin daga aljihu.

Muka kamo hanyar dawowa har muka wuce Kumbotso. Can Alhaji ya ce, "Direba, kada ka sa abin nan a ranka. Kai ɗaya ka yi bisa rashin sani, ni na sa ka lalata uku. Laifina ne." Daga baya ma ya gaya wa kawuna irina yake nema, wanda ba ya musu.

Shekara tara na ƙara ina tuƙa shi. A ciwonsa na ƙarshe na je gaishe shi, ya kama hannuna ya ce mu yafi juna. Na ce na yafe, ni ma ya yafe mini.

Ya ce, "Kai kuma me ka taɓa yi mini?"

Ɗakin cike yake da 'ya'yansa. Na ce, "Ba komai, Alhaji."