Rawar da Ake Kira ta Asabe

In mutane suna labarin kakanninsu, ni shiru nake yi. Tawa kakar, Iya Delu, uwar mahaifina, har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba. Sunan kakata ta wajen uwa aka sa min, Falmata, don dangin mahaifiyata mutanen Borno ne da suka daɗe a Kano. Iya kuwa sai dai ta ce, "Ke 'yar Babarbariya." Na san akwai wasa tsakanin kaka da jika, amma mai wasa yakan yi dariya, ita kuwa ba ta yi.

Duk da haka, da an gama girbi sanyi ya shigo ƙauyenmu na kusa da Kunci, gindin murhunta nake zama. Bayan sallar isha'i take tura karan dawa a wuta, mu jikoki mu kewaye ta. Ta iya tatsuniya, wannan ba zan hana ta ba. A 'yammatancinta kuma ita ce mai ba da waƙa a dandali, shi ya sa duk gaɗar da za a yi a bikin gidanmu sai ta gani ta amince.

Shekarar da za a yi bikin Hajara, 'yar baffana, na ƙirƙiro tawa gaɗar. Yadda aka saba, yarinya takan fito tsakiya ta taka, sannan ta faɗa da baya, masu tafi su cafe ta su cilla. Ni sai na ƙara juyi da tsuguno kafin faɗawar. A bayan rumbu nake koya wa ƙawayena, a hankali, ba ma faɗawa da gaske, jingina kawai muke yi. Abu ɗaya nake so a duniya: ranar wuni ni in ja rawar, kowa ya san tawa ce.

Asabe ce ta kai wa Iya gulma. Ita 'yar gwaggona ce, sa'ata, kuma 'yar lelen Iya, wadda ake ajiye wa ƙanzo.

Ran nan Iya ta gyara zama ta ce, "Mai gyangyaɗi ya tashi tun yanzu, ga wata tana zuwa."

Wai zabuwa ce ta ƙirƙiro rawa a bakin wani rafi. Kullum da yamma tsuntsaye su taru suna yi mata tafi, kanta ya kumbura. Kurciya ta ce mata, in kin gama ki riƙa waiwayawa kina duba sawunki. Zabuwa ta ce ita rawa take yi, ba farauta ba. Ashe duk juyin da ta yi, ƙafarta takan karkata wajen gindin sabarar da ta ɓoye ƙwanta, don can hankalinta yake. Guza kuwa bai taɓa zuwa kallo ba. Da safe yake zuwa, bayan kowa ya watse, ya bi sawun a hankali. Ranar da zabuwa ta koma sheƙarta, ɓawo ta tarar.

"Ta ƙare," in ji Iya. Maimakon ta kore mu mu kwanta, sai ta zuba min ido. "An ce mun yi zabuwa a gidan nan. Tashi."

Ta sa aka kwaso toka mai sanyi aka barbaɗa a tsakar gida. Ta tsayar da Asabe da sauran a matsayin masu tafi, ta ce in taka, amma kada in faɗa. Na taka, na juya, na tsuguna, na miƙe. Ina jiran ta yaba ko ta zage ni, sai ta miƙo min fitila.

"Duba."

"Me zan duba, Iya?"

"Ni na ƙirƙiro? Ke kika yi, ke za ki gani. In ba ki gani ba, ba za a yi ta a gidan nan ba, ko uwarki za ta yi birgima."

Na tsuguna ina hawaye, Asabe tana ƙunshe dariya. Da farko ban ga komai ba sai tabon ƙafafu. Can sai na lura juyin nan nawa yana fitar da ni gaba. Tsakanin inda dugadugaina suka tsaya da sawun masu tafi, akwai filin da za a shimfiɗa tabarma. Da na faɗa da gaske, ƙeyata ce za ta sauka a kan daɓe.

Na ce, "Sun yi nisa. In na juya, sai su matso da tafin."

Iya ta sa aka share, aka zuba sabuwar toka. Na juya, suka matso, na saki jiki na faɗa, suka cafe ni. Daɗin da na ji a lokacin ban iya kwatanta shi.

"To, yanzu ta zama rawa," in ji Iya. "Asabe, kin ga yadda ake yi? Ke za ki ja ta ranar wuni."

Na ce, "Iya, ni fa na yi ta."

"Na ce ba ke ba ce? Bikin gidanmu ne. Ki tsaya cikin masu tafi."

Mahaifiyata ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Iya, a yi haƙuri, yarinyar ta sha wahala."

"Da jikokina nake magana," in ji Iya, ta ja ragowar karan daga wuta.

Ranar wuni ni ce a tsakiyar masu cafewa. Asabe ta juya, ta tsuguna, mata suna guɗa, ta faɗo a hannuna. Na tsane ta a ranar, na tsani Iya fiye da ita.

Yanzu ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Ungogo, kuma ni ce nake shirya su rawar gargajiya in ranar al'adu ta zo. Ba na gyara wa kowa rawarta. In ɗaliba ta shirya tata, nakan ɗauka a waya, in kashe sautin, in miƙa mata. Ina aka cunkushe? Wa aka bari a baya tana raba ido? Wane taku kika sa don kawai ki burge? Sukan zumɓura baki, wasu har su yi kuka, amma abin da yarinya ta gano da idonta ba ta sake maimaita shi. Yana ƙona min rai cewa dabarar matar nan ce, kuma daidai ce. Abin da na ƙi ɗauka daga gare ta shi ne sauran. Kafin a buga ganga sai an faɗi sunan wadda ta shirya rawar, ko 'yar wace ce.

Bara na je gida biki. Da la'asar 'yan mata suka kafa gaɗa, sai ga juyina, ga tsugunona, ga masu tafi suna matsowa daidai inda na sa. Na kira wata na tambaye ta sunan rawar.

"Ta Asabe ce, Hajiya."

Asabe tana zaune kusa da ni a tabarma, da jikarta a cinya. Ta ji sarai, ta yi murmushi tana gyara mayafi.

Na ce, "Asabe, don me suke matsowa in ta juya?"

Ta ce, "Oho. Haka dai Iya ta koya mana, Allah ya jiƙanta."

Na ce amin, don addini ya ce in ce. Sannan na lalubi takalmina na fita, ban tsaya jiran abinci ba.