Ranar da Aka Yi Wa Gizo-gizo Kunun Kanwa

Na ga abubuwa a duniya, wasu sun bi ruwa, wasu ni na sake su. Amma ranar da matan layinmu a Fagge suka sha kunun kanwa saboda gizo-gizo, wannan kam da ita za a kai ni makwanci. Ban yi boko ba, jikata ce ke rubutawa, kuma na gaya mata yadda na faɗa haka za ta sa, kada ta gyara min baki.

A shekarun nan ne da kuɗin fetur suka shigo gari, kowa ya yi rediyo da babur, Kantin Kwari ba masaka tsinke. Ɗana na fari, wanda ba zan kama sunansa ba, yana aikin jirgin ƙasa, yau yana gida gobe yana hanya. Ya auro malamar makaranta, tana koyar da 'yan mata a Sabon Gari. Yarinya mai ladabi, ba ta taɓa gaishe ni a tsaye ba. Abu ɗaya ne ya shiga tsakaninmu. Cikin kayanta har da akwatin gilashi, a ciki kuma gizo-gizo, ba irin na lungun ɗaki ba, ƙato kamar tafin hannuna, gashi buzu-buzu har ƙafafu. Wai mace ce, daga kudu aka kawo mata, da ita take nuna wa ɗalibai ikon Allah.

Ranar da na fara ganin abar, a gaban 'yan kawo amarya na ce, "Duk ranar da abar nan ta leƙo tsakar gidana, takalmina ne ajalinta." Kowa ya ji, kuma an san ni a unguwa, ba na faɗin magana in lashe. Tun daga nan malama in za ta fita sai ta kulle ɗakinta. Muna gaisawa lafiya, amma kowa da abin da ke ransa.

Ana haka aka tura su malama kwas Zariya na 'yan makonni, mijin kuma yana hanya. Sai ga ta ta durƙusa a gabana da akwatin.

"Inna, ajiya na kawo."

"Duk faɗin Kano ba ki ga kowa ba sai ni?"

"Na ga mutane, Inna. Amma ke ce in an ba ki allura, ko bayan shekara a same ta da zarenta."

Ta san inda ta kama ni. Na ce ta ajiye ta tafi. Ta ce a ba ta fara ko kyankyaso mai rai, a sa mata ruwa a murfin kwalba, kada rana ta dake ta.

Da farko abar ta ci, har na yi mamakin zafin namanta. Daga baya sai ta daina. In na jefa mata kyankyaso sai ta ɗaga ƙafa ta ture shi, ta juya min baya. Jikinta ya yi duhu, ta shimfiɗa yana a ƙasa kamar mai gyaran gado, ta lafe a gefe. Ba son ta nake ba, amma in ta mutu a hannuna, wa zai yarda ba takalmin nan ba ne? Yarinyar ba za ta ce min uffan ba, don kunya. Sai dai mu zauna gida ɗaya har ƙarshen rayuwata tana min kallon wadda ta ci amana.

Ina da aminiya mai ƙosai a bakin layi, tun muna 'yan mata muke tare, bakinta ba linzami. Kullum ta shigo sai ta ce, "Ina kwana, ya jikar taki ta akwati? Har yanzu yajin cin abincin take? Gado ta yi, ke ma haka kike in ranki ya ɓaci."

Na ce ko ƙyanƙyamin kyankyason take. Na yafa mayafi na taka har kasuwar Sabon Gari wurin masu fara. Mai farar ya ce, "Hajiya, soyayya ko dafaffiya?"

Na ce, "Mai rai, mai tsalle."

Ya ƙare min kallo. "Maganin me za a haɗa?"

Na ce, "Maganin shisshigi." Ya ƙulla min.

Ita ma farar ko kallo ba ta ishe ta ba.

Ranar da malama za ta dawo a jirgin yamma, da hantsi na leƙa akwati na tarar da ita a rigingine, ƙafafu sama, ko motsi. Na yi salati na zauna daɓas. Mai ƙosai ta shigo ta gani, wasa ya ƙare.

Ta rage murya ta ce, "Tashi mu tona rami a bayan gida mu rufe. Ki ce guduwa ta yi."

"In ta gudu, na yi sakaci. In na binne, ni na kashe. Gawa sai mai ita ta gani da idonta, ta duba ko akwai sawun takalmi."

"To bari in taɓa ta da tsinke mu tabbatar."

"Taɓa ki gani."

Na san yadda ake mutunta gawa ko ta wace ce. Na sa ludayi a hankali na fitar da farar da ke tsalle-tsalle a ciki, don ba a barin abinci a kan mamaci. Na tsoma ƙafafun tebur a gwangwanayen ruwa saboda kiyashi. Na yafa farin ƙyalle ta ɓangaren haske, na ɗauki carbi na zauna. Duk wadda ta leƙo kallo sai in nuna mata ƙofa da ido.

Bayan azahar sai na ga ƙafa ɗaya ta motsa. Na ce idona ne. Sai wata ta motsa. Na damƙi hannun mai ƙosai. Muna kallo, jikin ya tsage, wani abu mai sheƙi ya fara turowa, tana zare ƙafafu ɗaya bayan ɗaya a hankali, kamar mace mai cire matsattsiyar riga. Kafin la'asar, ga gizo-gizo biyu a akwati.

Mai ƙosai ta dafe ƙirji. "Haihuwa ta yi! Ashe naƙuda ce!"

"Wace irin haihuwa, ɗa ya fito girman uwarsa?" Na matsa na duba. Ɗayan fanko ne, haske na ratsa shi. "Saɓa ce, irin ta maciji. Tsohuwar riga ta tuɓe."

Ina! Aminiyar tawa ta riga ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa. Kafin ka ce kwabo mata sun cika tsakar gida, wannan na cewa barka da arziki, waccan na tambayar mace aka samu ko namiji, wata na cewa a kira wanzami. Mai ƙosai ta ce ba inda za su sai kaka ta yi kunun mai jego. Ni da ake cewa dariyata sai ranar salla, ranar sai da na riƙe ciki. Na ɗora tukunya na dama kunun kanwa, ban yi rowar yaji ba.

Ana cikin sha malama ta iso. Ta ga takalma jibge a zaure, ta shigo da gudu tana kiran "Inna! Inna!" da hawaye shaɓe-shaɓe. Ta ɗauka ni ce na tafi. Wannan kiran har yau yana kunnena. Ba akwatin ta fara nema ba, ni ta nema.

Na ja ta gaban tebur na yaye ƙyallen. Na ce, "Ga ajiyarki. Ɗaya kika ba ni, ga biyu nan."

Ta durƙusa tana kuka tana dariya. Ta ce haka suke, in saɓa ta matso sai su bar ci, ita ma ba ta zaci lokacin ya yi ba. Da na ba ta labarin tsinke, ta ce da an taɓa ta da shi, ko an bar mata farar a ciki, da shi ke nan. Mai ƙosai ta kawar da kai, wai kunun ya yi zafi. Washegari malama ta fita makaranta da saɓar a kwali, ɗakinta a buɗe, ba ta kuma ƙara kulle shi ba.

Har yau ban ce ina son gizo-gizo ba, kada a rubuta haka. Abin da na koya shi ne, ba duk wanda ya ture abincinka ne yake ƙin ka ba, ba kuma duk wanda ya kwanta shiru ne ya mutu ba. Wani sabuwar riga yake shirin sawa. In an ba ka amana, riƙe ta har mai ita ya zo, kada tsoron bakin mutane ya sa ka binne abin da bai mutu ba.